Ƙwayar Sukari Biyar a Buhun Siminti

Ranar Alhamis, 23 ga Janairun 2014, zirga-zirgar jiragen ƙarƙashin ƙasa ta tsaya a wani babban ɓangare na layin Victoria da ke birnin Landan. Ana cikin aikin faɗaɗa tasha ne, ma'aikata na ɗura kankare a wani rami, sai kankaren ya sami kafa ya malala cikin ɗakin na'urorin da ke ba jirage hannu. Kafin a farga ya binne wasu daga cikinsu. Da an bar shi ya kama a wurin, sai dai a shiga da guduma. Sai aka ruga kantunan unguwar aka kwaso sukari, irin wanda ake zubawa a shayi, aka barbaɗa a kai. Kankaren ya ƙi daskarewa, aka kwana ana kwashe shi, washegari da safe jirage suka ci gaba da tafiya.

Jaridun Ingila sun sami abin raha na kwana biyu. Injiniyoyi kuwa ko a jikinsu, don maganar tana cikin littattafan da suka karanta tun suna ɗalibai. Sukarin da bai wuce kashi 0.05 cikin ɗari na nauyin siminti ba yana iya jinkirta kamawarsa da wajen awa huɗu. A buhu mai kilo 50, giram 25 ke nan, wato ƙwaya biyar ta sukarin kwali. In aka zuba giram 100 zuwa rabin kilo a buhun, to mai gini ya nemi wurin zama, don kwaɓin zai iya kwana da kwanaki bai kama ba.

Yadda ƙwaya biyar ke juya akalar kilo 50 shi ne tushen wata babbar sana'a a duniyar gini, sana'ar sinadaran da ake ɗiga wa kankare lokacin kwaɓi, waɗanda a wurin aiki ake ce wa kemikal, ko magani kawai. Akwai mai sa kwaɓi laushi, akwai mai riƙe shi, akwai mai zaburar da shi. Ba a gane ko ɗaya cikinsu sai an fara sanin abin da ke faruwa tsakanin siminti da ruwa a yinin farko.

Mu a nan cewa muke siminti ya bushe, kuma kalmar ce ke fara ɓatar da mu. Taɓo da yumɓu su ke bushewa: ruwa ya fita, ƙasa ta ƙeƙashe, ran da ruwa ya dawo ta sake narkewa. Siminti shanye ruwan yake yi, ya haɗe da shi su zama wani sabon dutse. Shi ya sa yake kamawa ko a ƙarƙashin kogi, shi ya sa kuma mai buga bulo na kirki ke ba bulonsa ruwa safe da yamma.

Tun da Joseph Aspdin, wani birkila na garin Leeds, ya yi wa simintin Fotlan rajista a 1824, girkin ya sha gyara, amma kayan haɗin suna nan: dutsen farar ƙasa da yumɓu. A Kalambaina ta Sakkwato, ko Ashaka ta Gwambe, ko Obajana ta Kogi, ko Malbaza ta Nijar, niƙa su ake yi a gasa a doguwar tanda mai juyawa har zafi ya kai digiri 1,450. Abin da ke fitowa curi-curi ne kamar tsakuwa, ana kiransa kilinka, kuma ma'adinai huɗu ne a cikinsa. Alayit ya fi rabi, shi ke ba da ƙarfin makonnin farko. Belayit mai sanyin jiki ne, ƙarfinsa sai a hankali. Ferayit shi ke ba siminti launin toka. Sai ɗan autansu, aluminet, wanda masana ke rubutawa C3A: da wuya ya wuce kashi 10 cikin ɗari, amma shi ne mai zafin rai, kuma kusan duk rigimar da ake yi da magungunan kankare za a taras da hannunsa a ciki.

In aka niƙa kilinka zalla aka zuba masa ruwa, aluminet zai ɗaure kwaɓin cikin mintoci, shebur ma bai gama juyi ba. Don haka tun a masana'anta ake niƙa shi tare da jifsam, kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, dutsen nan da ake haƙowa a Sakkwato da Yobe. Jifsam shi ne magani na farko, yana cikin kowane buhu ko mai saye bai sani ba. Salfet ɗin da ke cikinsa yana manne wa aluminet ya sanyaya shi, su haifar da wasu ƙananan allurai da ake kira etiringayit, sunan da aka samo daga garin Ettringen na Jamus. Wani lokaci injin niƙa ya yi zafi fiye da kima, jifsam ɗin ya rasa ruwan jikinsa ya koma garin P.O.P., wanda ake silin da shi. Irin wannan siminti yakan yi tauri nan take kamar ya kama, alhali kamun ƙarya ne. In aka ci gaba da juyawa ba tare da ƙara ko ɗigon ruwa ba, laushin zai dawo.

Mintocin farko bayan zuba ruwa na hayaniya ne. Kalsiyam da salfet da gishirin alkali suna narkewa, ruwan ya yi kaifi ya fi na toka, har ya ci hannun wanda ba ya sa safa. Daga nan sai komai ya lafa kamar an yi ruwa an ɗauke. Awa ɗaya zuwa uku kwaɓin na nan da laushinsa, kuma wannan ɗan barcin shi ne dukan jarin mai gini: a cikinsa ake cika kwanon sarki, a hau tsani, a juye, a soka, a shafe. Masana sun daɗe suna ja-in-ja kan dalilinsa. Tsohon bayani shi ne wata siririyar fata ce ke lulluɓe ƙwayar simintin. Na baya-bayan nan, wanda ɗakin binciken Farfesa Karen Scrivener da ke Luzan a Suwizalan ya ƙarfafa, shi ne ruwan ne ke ƙoshi da kalsiyam, sai narkewar alayit ta ja baya, kamar yadda sukari ke jinkirin narkewa a shayin da ya riga ya ji zaƙi.

Sannan sai farkawa. A jikin kowace ƙwaya wasu 'yan tsirai suke ɓullowa na wani abu da ake kira C-S-H, haɗin kalsiyam da silika da ruwa. Su yi ta yaɗo kamar gansakuka har na wannan ƙwaya su sarƙe da na waccan. Sarƙewar ita ce kamawa. Zafi na tashi, ya kai ƙololuwa wajen awa goma bayan kwaɓi, sannan aikin ya ci gaba a hankali har kwana 28 da ake auna ƙarfi, har ma shekaru bayan nan. Tun 1887 Bafaranshen nan Henri Le Chatelier ya bayyana cewa narkewa ce da sake tsirowa.

Duk wannan a fatar ƙwaya yake faruwa, kuma a nan amsar tambayar sukari take. Garin siminti ya yi laushin da in aka shimfiɗa fatar ƙwayoyin kilo ɗaya za ta rufe murabba'in mita 300 zuwa 400. Buhu guda ya fi filin ƙwallo biyu. Magani ba ya buƙatar shiga cikin ƙwayar, fatar kawai yake nema ya kwanta a kai, kuma shimfiɗar da kaurinta bai wuce ƙwayar sinadari ɗaya ba, abu kaɗan ke yin ta.

Ƙara masa ruwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin zuba dekin ya san kiran. Rana ta take, kwaɓi ya fara nauyi a shebur, sai birkila ya leƙo daga sama: "Kai yaro, ƙara masa ruwa, ya yi tauri!" Lebura ya ce, "To, Oga," ya kinkimo jarka. Ba na saurin ganin laifinsu. Wanda bai taɓa juya busasshen kwaɓi cikin zafin Afrilu ba, bai san abin da kafaɗa ke ji ba. Amma lissafin ba ya tausayi. Ruwan da buhu ɗaya ke haɗewa da shi a jikinsa wajen lita 12 ne. In ana so kowace ƙwaya ta sha ta ƙoshi, lita 20 ta isa. Duk abin da ya ɗara haka zama yake a tsakanin ƙwayoyi, daga baya ya tsere ya bar ramuka, kuma ramukan su ne hanyar da danshi ke bi ya iske rodi. Duff Abrams ya tabbatar da wannan a Shikago tun 1918: ƙarfin kankare yana bin yawan ruwan da aka ba siminti ne, ruwa na ƙaruwa ƙarfi na raguwa. Daga lita 20 zuwa lita 35 a buhu, kusan rabin ƙarfin ya tafi, alhali kuɗin simintin ba su ragu da ko kwabo ba.

To me ya sa kwaɓi mai lita 20 ke da tauri haka? Gudaji. Ƙwayoyin siminti na ɗauke da cajin lantarki iri biyu a fatarsu, don haka da sun ji ruwa sai su rungumi juna su dunƙule, kamar gari a kunun da ba a dama da kyau ba. Kowane gudaji ya kulle ruwa a cikinsa, ruwan da ya kamata ya sa kwaɓi santsi. Aikin maganin laushi shi ne fasa gudajin ya sako ruwan da ke ciki.

Maganin laushi na farko ya fito ne daga sharar masana'antar takarda a shekarun 1930. In an dafa itace an cire zaren takarda, baƙin ruwan da ya rage yana ɗauke da liginosalfonet, wanda ke rage buƙatar ruwa da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Sai dai yana zuwa da sukarin itace a jikinsa, in ba a tace shi ba ya jinkirta kamawa. A shekarun 1960 aka sami biyu masu ƙarfi: Kenichi Hattori na kamfanin Kao a Japan ya haɗa nasa daga naftalin, sinadarin ƙwallon kafur da ake sakawa a akwatin tufafi, Alois Aignesberger na kamfanin SKW a Jamus kuma daga melamin. Dukansu kwanciya suke a fatar ƙwaya su ba ta caji iri ɗaya, sai ƙwayoyi su riƙa ture juna kamar bakin maganaɗisu biyu masu kama. Kwaɓin da ke tsaye kamar tuwo sai ya kwarara. Amma bayan rabin awa zuwa awa ɗaya sababbin tsirai sun binne maganin, tauri ya dawo.

Wanda ya sauya sana'ar baki ɗaya shi ne Tsuyoshi Hirata na kamfanin Nippon Shokubai, a 1981. Sinadarinsa, folikaboksilet, wanda aka fi sani da PCE, siffar mataji gare shi. Gadon bayan matajin yana kama kalsiyam ɗin da ke fatar ƙwaya ya manne, haƙoran kuma su miƙe cikin ruwa. In ƙwaya biyu suka matso, haƙoran wannan su tokare na waccan, ba damar runguma. Da abin da bai kai lita ɗaya a buhu ba, ana iya rage ruwa da kashi 30, har 40. Abin da ya fi burge ni shi ne matajin ana ƙera shi yadda ake so. A tsawaita haƙora, a rage su, ko a rufe wasu hannayen kamun da wani ɗauri wanda kaifin ruwan siminti ke kwancewa sannu a hankali, ta yadda wani kaso na maganin ba zai fara aiki ba sai mota ta yi awa guda a hanya.

Da irin waɗannan magunguna ne Hajime Okamura na Jami'ar Tokyo ya fito da kankare mai cika kansa a 1988, wanda ke ratsa tsakanin rodi ba tare da an girgiza shi ba, a lokacin da ƙwararrun ma'aikata ke ƙaranci a Japan. Da PCE ne kuma aka tura kankare ta bututu har tsawon mita 606 a ginin Burj Khalifa na Dubai a 2008. Can ma zafi bai bar su ba: da bazara cikin dare ake zubi, a sa ƙanƙara a madadin wani kaso na ruwan kwaɓi.

Sai dai mataji yana da abokan hamayya, kuma a nan ne ɗan kwangilar da ya sayi jarkar magani ya zaci ya gama yakan sha mamaki. Na farko aluminet. In aka zuba magani tare da ruwan farko, a daidai lokacin da aluminet ke kan ganiyarsa, haɗiye wani kaso yake yi a cikin abin da yake tsirarwa, kuɗi su tafi a banza. In aka jinkirta ko da minti ɗaya ko biyu ne, jifsam ya riga ya rufe masa baki, sai magani kaɗan ya yi aikin mai yawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma shi wannan iccen har mintin da za a kama shi sai an zaɓa. Na biyu salfet, wanda ke neman mazauni ɗaya da PCE a fatar ƙwaya. Simintin da salfet ɗinsa ke saurin narkewa sai ya ture matajin gefe. Shi ya sa magani guda, awo guda, zai yi kyau da simintin wannan masana'anta, ya ba da kunya da na waccan.

Na uku shi ya fi shafarmu: laka a cikin yashi. Akwai wani nau'in yumɓu mai kumbura, irin baƙar ƙasar yankin Tafkin Chadi da ke tsattsagewa da rani, wanda jikinsa shafi-shafi ne kamar littafi. Haƙoran mataji sukan kutsa tsakanin shafukan su maƙale, maganin ya ƙare a laka bai kai ga siminti ba. 'Yar laka kaɗan a tifar yashi ta isa ta cinye magani mai tsada. Tsohon gwajin nan na zuba yashi a kwalba da ruwa, a girgiza, a bar shi ya kwanta a ga kaurin lakar da ta hau sama, har yanzu yana da ranarsa.

Mu koma ga sukari. Sukarin rake ba ya lalacewa da wuri a ruwa mai kaifin alkali. Yana kama kalsiyam, ya je ya zauna a kan 'yan tsiran C-S-H tun suna jarirai ya hana su girma. Wani ya ɓullo, ya sake zaune shi. Haka za a yi ta yi har sukarin ya ƙare, sannan tsirai su tashi gaba ɗaya, sun ma fi na da yawa. Shi ya sa kankaren da aka jinkirta da awo daidai ba ya rasa ƙarfi a kwana 28, wani lokaci ma ya ɗara. Kuma ba kowane zaƙi ba ne: akwai sukarin da ake kira tirehalos, ɗan'uwan na rake, wanda kusan ba ya taɓa siminti, saboda siffarsa ba ta dace da mazaunin ba. Magungunan jinkiri na kasuwa, irin su gulukonet da sinadarin tsamin lemo, duk wannan hanyar suke bi, bambancinsu da sukarin kwali shi ne an san awonsu. Masu bincike a Sudan da Najeriya sun gwada ƙaro, suka ga shi ma yana jinkirta kamawa yana kuma ƙara santsi. A wurin gini dai, buhun da ya taɓa ɗaukar sukari bai kamata ya ɗauki yashi ba.

Mu da ke gini a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, inda zafin bazara ke haura digiri 40, maganin jinkiri ya fi mana amfani fiye da mutanen Landan. Zafi yana gajarta barcin siminti, shi ya sa ƙa'idojin aiki da yawa ba sa yarda ɗanyen kankare ya wuce digiri 32 zuwa 35. Amma akwai tarko. Maganin yana hana kamawa, ba ya hana ruwa tashi. Dekin da aka jinkirta, aka bar shi a buɗe iskar hunturu na kaɗa shi, ya fi daɗewa ba shi da ƙarfin riƙe kansa, sai fuskarsa ta tsattsage tun kafin ya kama. Sai an rufe shi da leda ko jiƙaƙƙen buhu da zarar an gama shafe.

Masu zaburarwa kuwa na ƙasashen sanyi ne da masu sauri. Sarkinsu kalsiyam kulorayid, wanda ake amfani da shi tun ƙarshen ƙarni na 19, ga arha ga aiki. Illarsa a kan rodi take. Kaifin siminti yana yi wa ƙarfe wata siririyar riga da ke hana shi tsatsa, kulorayid kuma huda rigar yake yi. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki biyu ko fiye, sai ta fasa kankaren daga ciki. Tun 1977 Birtaniya ta hana shi a kankare mai rodi, aka koma ga irin su kalsiyam naitiret. Ruwan rijiya mai gishiri da yashin teku da ba a wanke ba, kulorayid ɗin ne dai suke shigowa da shi ta bayan gida.

Akwai kuma maganin kumfa, wanda aka gano bisa tsautsayi a jihar New York a shekarun 1930. An lura wasu tituna sun fi jure sanyi, da aka bi diddigi sai aka taras an niƙa simintinsu da kitsen shanu don sauƙaƙa niƙa. Kitsen ya zama sabulu a kwaɓi, ya bar ƙananan kumfa da ke ba ruwa wurin faɗaɗa in ya zama ƙanƙara. Mu ruwa ba ya daskarewa a bangonmu, kuma kowane kashi ɗaya na iska yana cin wajen kashi biyar na ƙarfi. Mai zuba garin sabulun wanki a kwaɓi don ya ji daɗin cokali, santsin yake saya da ƙarfin ginin.

Ba yau magini ya fara ɗiga wa kwaɓi wani abu ba. Sinawan zamanin daular Ming da ruwan shinkafa mai danƙo suke kwaɓa farar ƙasa. Maginan Kano da Zariya da Katsina suna da makuba, daga kwasfar ɗorawa, wadda ake shafa wa bango da daɓe don ruwa ya zame. Suna da laso, haɗin katsin marina da gashin jima da ruwan dafara, wanda ake lulluɓe soro da bangon karofi da shi. Duk wanda ya gaji sana'ar ya san awon kowanne da lokacin zuba shi, don a ƙasarsa ya koya, da hannunsa ya gwada. Abin da ya yi wa jar ƙasa daidai ba lallai ya yi wa siminti ba, tunda ruwan tsirrai kan zo da sukari da danginsa, mun kuwa ga abin da sukari ke yi.

A manyan wuraren aiki, kafin a zuba ko kwano ɗaya, sai an yi kwaɓin gwaji da ainihin simintin da yashin da ruwan da za a yi aikin da su, a cikin zafin da za a yi shi. A cika wani mazurari na ƙarfe mai tsawon santimita 30, a zare shi a auna yadda kwaɓin ya zauna, a sake bayan rabin awa, a sake bayan awa guda. A zuba wasu a ƙananan akwatuna masu santimita 15 kowane gefe, a jiƙa su a ruwa, a murƙushe su a inji ranar bakwai da ranar 28. Ran da aka sauya masana'antar siminti, ko tifa ta fara ɗebo yashi daga wani rafin, gwajin ya koma farko. Sannan a sa mutum ɗaya a bakin ƙofa, aikinsa kawai ya sa ido kan direban motar kankare da tiyon ruwan da ke rataye a bayanta.